Kwana tara ina fama da injin yankan bishiya kafin ya yarda ya tashi

Iskar da ta zo gaban ruwan wani dare a watan Yulin 2024 ita ta jawo min wannan aiki. Darbejiyar ƙofar gidanmu a Ɗorayi da ke Kano, wadda na tarar da ita tun kafin in sa tubalin farko, ta saki babban reshenta ya kwanta a kan katanga, kansa a tsakar gida, gindinsa yana maƙale a jikin uwar. Allah ya kiyaye ba kowa a waje. Da safe na kira masu yanka da inji, suka zo su biyu da ƙaton Stihl 070 ɗin nan na Jamus, irin wanda ake tsaga katako da shi a daji. Suka dubi reshe, suka dubi gida, maimakon itace sai suka yanka min kuɗi. Ban ga laifinsu ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa da fetur yake fara lissafi, injin nasu kuma ya haura cc 100, ba wasa yake da mai ba. Amma ina da 'yar gona a hanyar Gwarzo mai bishiyoyin turare da mangwaro da ke son a rage musu rassa duk shekara, sai zuciya ta ce min, maimakon biyan nan na kullum, ka nemi ƙarami naka mana.

Sabo ya fi ƙarfin aljihuna, don haka na hau adaidaita sahu na nufi Ƙofar Ruwa. Sai da na yi tambaya wajen mutum biyar kafin aka nuna min rumfar wani mai tsofaffin injina. Can ƙarƙashin benci ya jawo shi, ƙura ta rufe shi ruf. Ɗan China ne, an rubuta 5200 a gefensa, wato cc 52, dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai kuma, wanda ni takobi nake ce masa, inci 20 ne. Mutumin bai ɓoye min komai ba. Ya ce, "Alhaji, ni ban taɓa tayar da shi ba. Wanda ya kawo min ya ce ya fi shekara biyu a ajiye a sito. Ƙila fulogi ne kawai." Duk maganar da ya yi, "fulogi ne kawai" ɗin nan kaɗai kunnena ya ɗauka. Na buɗe tanki na sunsuna, wari kamar na tsohon fenti ya bugi hancina, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Na biya abin da bai kai rabin kuɗin sabo ba, na rungumo kayana ina jin na ci kasuwa.

A gida na zubar da tsohon man, na sayo fetur lita ɗaya, na tsiyaya masa baƙin man babur da ido, na girgiza, na cika tanki. Na rufe cok na fara jan igiya. Tun ina ƙirgawa har na daina. Kafaɗa ta ɗauki zafi, tafin hannu ya yi bororo, inji ko tari bai yi ba. Uwargida tana daga bakin kicin ta ce, "Malam, ko dai a kira mutanen jiya?" Na yi kamar ban ji ba. Na kwance fulogi na duba, ga shi a bushe ƙamas, sai ɗan baƙin hayaƙi na tun da can. Yanzu na san cewa wanda ya ja igiya sau talatin da cok a rufe ya tarar da fulogi a bushe, inji ya gama gaya masa mai ba ya isowa. A ranar kuwa ban iya jin yarensa ba. Na aiki babban ɗana ya sayo sabon fulogi, na ɗaura, na sake ja har aka kira magariba. Shiru.

Daren nan na kwana kallon bidiyon gyara a YouTube, data tana ƙonewa. Duk surutun masu gyaran nan, na Indiya da na Amurka, a wuri ɗaya yake tsayawa: inji irin wannan yana son wuta, yana son mai da iska, yana son matsi a cikin silinda, kuma ɗaya bayan ɗaya ake bin su, ba a taɓa na biyu sai an sallami na farko. Ni kuwa na fara da sayen kaya kafin in san ciwon.

Washegari na shigar da shi zaure inda akwai duhu-duhu. Na cire fulogin, na mayar da hularsa, na jingina ƙarfensa da jikin silinda, na kunna makunni, yaron ya ja igiya. Ba ko ƙyas. Sabo da tsoho, duk ɗaya. Nan take na yanke hukunci cewa kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, shi ne ya mutu, na kuma fara lissafin kuɗinsa. Abin da ya cece ni shi ne yaron wani shagon kayan janareto a Sabon Gari da ya ce sai na kawo tsohon an gwada, don suna kama da juna amma ramin kusoshinsu ya bambanta. Da na dawo na kwance murfin da igiya take ciki don in ciro kwayil ɗin, sai ga kashin ɓera da ɓawon gyaɗa a lungun fankar da igiyar ke juyawa. Wata siririyar baƙar waya da ta taso daga kwayil ta nufi makunni, ɓera ya gwaigwaye rigarta, jan ƙarfenta yana kwance a jikin inji. Makunnin waɗannan injina ba wuta yake bayarwa ba, kashe ta yake yi: idan ka danna shi, sai ya haɗa wannan waya da jikin inji, wutar kwayil ta zurare ta nan, fulogi ya rasa. To ɓera ya riga ya danna min shi tun shekara biyu da suka wuce. Na zare wayar daga kwayil gaba ɗaya na ce yaron ya riƙe fulogin, ni in ja. Na manta ban ce masa ya riƙe ta robar ba. Ja ɗaya na yi ya saki ƙara ya yi tsalle, "Abba, akwai wuta! Wallahi akwai wuta!" Ban taɓa murnar ganin wuta ta ja ɗana ba sai ranar. Muka sake gwadawa yadda ya kamata, tartsatsi shuɗi yana tsalle tsakanin bakin fulogin, tas, tas.

Na naɗe wayar da tef ɗin masu gyaran wuta, na bi da ita ta inda ba za ta goga ba. Da yake na riga na sassauta kusoshin kwayil ɗin, dole in mayar da tazarar da ke tsakaninsa da maganaɗisun fankar, wadda ba ta wuce kaurin kati ba, wajen milimita 0.3. Katin gayyatar wani ɗaurin aure na samu a aljihu. Na zura shi tsakani, na juyo maganaɗisun ya fizgo kwayil ɗin ya danne katin, na ɗaure kusoshi, na zare kati. Ango bai san amfanin da ya yi min ba.

Wuta ta samu, amma inji bai tashi ba. Sai na yi gwajin da ya fi kowane daɗi: na ɗiga mai kamar rabin ƙaramin cokali ta ramin fulogi, na ɗaura, na ja. A ja na biyu ya ɗauka da wata irin ƙara da ta sa kajin maƙwabta suka watse, hayaƙi ya cika zaure, uwargida ta fito da ludayi a hannu. Kafin in buɗe baki in ce mata kin gani, ya mutu. Daƙiƙa uku ya yi a duniya. Amma daƙiƙa ukun nan sun wanke wuta, sun wanke matsi, sun bar mai shi kaɗai a gaban alƙali.

Na lanƙwasa waya kamar ƙugiya na zura cikin tanki don in kamo tiyon mai, wanda filta take rataye a bakinsa. Abin da ya fito guntun roba ne da ya yi laushi kamar taliyar da ta kwana a ruwa, yana narkewa a yatsa. Filtar kuwa tana can ƙasan tanki ita kaɗai, sai da na kifa injin ta faɗo. Fetur idan ya daɗe a ajiye, mai saurin tashin cikinsa yakan gudu, ya bar wani danƙo mai warin fentin nan da na sunsuna a kasuwa, roba kuma ta lalace a cikinsa. Na koma Sabon Gari na sayo tiyo da filta, da 'yar ledar kayan cikin kafireto, tunda na san can za a je. Zura sabon tiyo ta ƙaramin ramin tanki ya ci min awa guda, sai da na fere bakinsa a karkace kamar alƙalamin kara sannan ya leƙa ciki na kamo shi da filaya.

Kafireton ne ya koya min hankali. Bai fi akwatin ashana girma ba, kuma ba irin na babur ko janareto ba ne mai ɗan kofi a ƙasa da mai ke taruwa. Injin yankan bishiya a kwance yake aiki, a tsaye, a karkace, wani lokaci a kife, don haka aka yi masa kafireto mai 'yan fatu biyu na roba. Ɗaya tana bugawa da numfashin injin kansa tana tsotso mai daga tanki, ɗayar tana danna wani ɗan ƙarfe da ke ɗaga allura ya bar mai ya shiga daidai buƙata. Na shimfiɗa farin buhu a kan tabarma na buɗe shi. Fatar da ya kamata ta yi laushi kamar fatar ido ta ƙandare, idan ka taɓa ta tana ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganyen kuka. 'Yar ragar da ke tace mai a ciki ta toshe da jan danƙo. Na wanke komai da fetur da tsohon buroshin haƙori, na ɗauko sababbin fatu da gaskit, sai a nan na tuna ban ɗauki hoton yadda na tarar da su ba. Na duba, na juya, na ce ai duk ɗaya ne, na ɗora su yadda ya fi min kyau a ido.

Sakamakon ya zo da sauri. Fulogin da a da yake a bushe yanzu ya jiƙe sharkaf, mai har yana ɗigowa ta salansa. Na kife injin ba fulogi na ja igiya don ya amayar, na busar, na mayar, ya sake shaƙewa. Kwana shida ke nan, reshe yana nan a kan katanga, yara sun sassare ƙananan rassan da adda an samu hanyar wucewa, maƙwabcina kuma ya fara gaishe ni da "Injiniya, ya aiki?"

Akwai wani dattijo a bakin titi da ke gyaran janareto da injinan ban ruwa, manoman rani har daga wajen Kura suke kawo masa. Da ɗan gari akan ci gari, na ɗaure injin a bayan babur na kai masa. Muka gaisa, na fara zuba bayani, ya ɗaga min hannu. Bai taɓa sufana ba. Kan igiyar ya kama, ya ɗaga injin sama da ita ya bar shi yana reto. Injin ya tsaya cak, sannan ya sauka kaɗan ya sake tsayawa, ya kuma sauka kaɗan. Ya ce, "Malam, wannan za ka yi a kasuwa kafin ka sa hannu a aljihu. Da ya zurare ƙasa sululu, to fistin da ringi sun gama, sai ka ajiye musu kayansu. Ka yi sa'a, ba wayo ba." Na ce, "Haka ne, Baba."

Sannan ya sa yaronsa ya kwance salansa. Da ya kifa ta a tafin hannu ya bubbuga, sai ga busasshiyar laka tana zubowa, har da 'yan ramukanta. Zanzaro ya yi gini a ciki, ya kusa toshe mafitar hayaƙi. Yaran garejin suka yi ta dariya, wai inji ya samu ɗan haya. Baba ya karɓi wayata ya haska ramin da salansar ta bari, ya ce in leƙa. Ta nan ana ganin gefen fistin ƙuru-ƙuru. Ya ja igiya a hankali, fistin ya hau ya sauka, akwai 'yan siraran layuka biyu a jikinsa amma ba su yi zurfi ba, ringin kuma da ya taɓa shi da bakin sukundireba ya motsa, bai maƙale ba. Ya ce idan ka ga gefen nan ya yi kaca-kaca kamar an ja shi a kan tsakuwa, an taɓa tuƙa shi ba isasshen man haɗi ke nan, ko an matse masa mai. Sai ya juyo ya tambaye ni me na haɗa a fetur ɗina. Da na gaya masa, ya daɗe yana kallona.

"Baƙin man babur? Da ido?"

Ya ce wannan inji ɗan uwan ƙaramin janareton Tiger ne, ba shi da wurin zuba baƙin mai, ɗan man da ka haɗa a fetur shi kaɗai ne abin da ke shafar fistin da karanshaf. Man 2T ake sa masa, wanda aka yi don ya ƙone tare da fetur. Na mota da na babur toka yake bari, ya toshe salansa, ya kama ringi. 'Yan China irin nawa kashi 25 na fetur ne da kashi 1 na mai, wato mililita 40 a lita ɗaya. Kamfanin Stihl kashi 50 da 1 yake cewa, amma da man da ya yarda da shi. Ya ce in tsaya a kemis in sayi sirinji mai cin mililita 20, cika biyu a kowace lita, in daina aikin ido.

Da ya buɗe kafireton bai yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Kiran yaronsa ya yi ya ce, "Zo ka ga abin da nake gaya maka." A ɓangaren allura, gaskit ake fara ɗorawa a jikin kafireto, sannan fata, sannan murfi. A ɓangaren da ke tsotso mai kuwa fata ce take fara kwanciya a jiki, gaskit ya biyo baya. Ni na juya na ɓangaren allurar, fatar ta zauna kai tsaye a kan ɗan ƙarfen tana danna shi, allura ta kwana a buɗe, mai yana ta kwarara ba mai tsayar da shi. Kaurin gaskit ɗin bai kai na farce ba, shi ya hana ni barci kwana biyu. Ya fesa maganin wanke kafireto a kowane rami yana duba ta inda zai fito, ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in zura waya ko allurar ɗinki a ramukan, don da zarar sun buɗe fiye da yadda aka yi su, saiti ya tafi ke nan.

Akwai 'yan sukurorin saiti uku a gefen kafireto, L da H da T. Ya ɗaure L da H a hankali har suka taɓa ƙasa, ba da ƙarfi ba, ya warware kowanne zagaye ɗaya da ɗan ɗori. Muka zubar da haɗina, aka yi sabo. Ya ajiye injin a ƙasa, ya tura birkin sarƙa gaba, ya sa ƙafar dama a cikin mariƙin baya, hannun hagu a na sama. Cok a rufe, ja uku, inji ya yi tari sau ɗaya. Nan take ya buɗe cok. Ya ce a nan yawancin mutane suke shaƙe injinsu, ya yi tari amma su ci gaba da ja da cok a rufe. Ja biyu bayan haka ya tashi, ya kuma zauna.

Saitin da kunne ya yi shi. Ya juya T har sarƙa ta daina motsi a silo, ya taɓa L har ya zamana idan ya danna totur injin yana amsawa ba tare da ya yi jim ba. A kan H ya fi daɗewa. Ya ɗan matse shi, ƙarar ta yi sama ta zama siririya, mai daɗin ji, na ce, "Yauwa Baba, nan ne." Ya girgiza kai ya warware shi har wata 'yar gargada ta shigo cikin ƙarar. Da ya kashe ya ce wancan kukan mai daɗi na yunwa ne, mai ya yi masa kaɗan, man haɗin ma ya yi kaɗan ke nan, a haka fistin yake narkewa. Gargadar nan idan sarƙa ta shiga itace za ta washe da kanta. Ya sake tayar da shi ya kwantar da shi gefen dama, ya juya hagu, yana saurare. Silo bai canza ba, ya ce sil ɗin karanshaf ba sa shan iska, in gode wa Allah.

Sarƙar ma ba ta tsira ba. Ya gwada ta a wani guntun icce, gari ta riƙa fitarwa kamar na tuwo, alhali mai kaifi ɓarzajjen itace take watsowa. Ya nuna min wasa haƙora da zagayayyen magagari mai milimita 4.8, a karkace, turawa gaba kawai, adadi ɗaya ga kowane haƙori. Ya cika ɗaya tankin da man sarƙa, ya nuna bakin takobin ga wani kwali ya ba shi wuta, siririn layin mai ya fito a jikin kwalin. Kafin in tafi ya kama hannun rigata ya ce ranar yanka kada in sa babbar riga ko wani abu mai reto, in sa takalmi rufaffe, kuma kada in bari saman ƙarshen takobin ya taɓa komai, don daga nan inji yake harbowa sama ya nufi fuskar mai shi. Abin da ya karɓa a hannuna bai kai kuɗin kwayil ɗin da na tashi saya ba.

Ranar Asabar, kwana tara cif da faɗuwar reshen, na kore yara cikin ɗaki na fara daga rassan sama ina gangarowa. Da na zo kan babban, wanda ke ɗauke da nauyi tsakanin katanga da uwar bishiya, na yanka daga sama kai tsaye, tsagin ya rufe ya cije takobin ƙam. Na kashe inji. Sai da maƙwabcin nan mai kirana Injiniya ya kawo turmi da wani azara muka tokare reshen daga ƙasa sannan ya saki. Daga nan na gane in fara ɗan tsagawa ta gefen da ke matsewa, in ƙarasa ta ɗaya gefen. Kafin azahar an tara itace ya kai ƙugu, gida uku suka ɗiba. Wannan duk kafin 2025 ne, shekarar da Ma'aikatar Muhalli ta jiha ta fito da tsarin neman izini ga masu amfani da irin wannan inji, don haka mai niyyar saya yanzu sai ya fara ta can.

Da na gama na juye sauran man tankin a galan, na tayar da shi na bar shi a silo har ya shanye na cikin kafireto ya mutu da kansa, na toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro, na rataye shi a ƙusa inda ɓera ba zai kai ba. Tsohon fulogin nan da aka ce shi ne kawai, na goge shi da buroshin waya na mayar don in gani, ja biyu ya tashi. Shi ne a jikin injin har yau, sabon yana cikin gwangwanin kusoshi tare da sirinji da katin ɗaurin auren.